Hoton Da Ya Zo Daga Bayan Hamada

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Sanda. Masu girma hakimai da dagatai da suka taso daga ƙasar Anka da ta Gummi da ta Bukkuyum. Malamanmu da limamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya. Babban jami'in 'yan sanda da ya baro ofishinsa ya zo ya zauna da mu. Shugabannin masu haƙar zinare. Samarinmu da ke tsaitsaye bakin taga. Da iyayenmu mata da ke can baya, waɗanda dominku aka kira taron nan ko da yake ku aka ba kujerun ƙarshe: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina gode wa Allah da ya tara mu lafiya. Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, ina kuma gode wa duk wanda ya bar gonarsa ko fadamarsa ko garkensa ya hau mota ya zo Anka yau. Na san babu wanda ya zo nan don jin daɗi. Kusan kowa a ɗakin nan akwai wanda yake ajiye wa tabarma a gida, tabarmar kuma ta daɗe ba a shimfiɗa ta ba.

Sunana Zinatu. Na yi aikin jinya tsakanin Gummi da Anka har na gaji na ajiye, kuma da yawa daga cikin samarin da muke nema yau ni na yi musu allurar rigakafi suna tsala ihu a bayan uwayensu. Amma ba a matsayin ma'aikaciyar jinya na tsaya gabanku ba. Na tsaya ne a matsayin goggo. Mas'ud, mutumin Duza, ɗan yayana marigayi Abdulwahabu, yana cikin waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Shekarar da gubar dalma ta shiga gidajenmu, ya binne 'yarsa da hannunsa, ya rantse ba zai ƙara niƙa dutse a inda yara ke wasa ba. Da labarin zinaren Jado da ke hamadar Nijar ya iso, ya bi ayari ya tsallaka Nijar tare da abokinsa Bello. Da farko yana kira. Daga baya kiran ya yi nisa. Daga baya Bello ya dawo shi kaɗai, ya ce sun rabu, Mas'ud ya bi wasu mutane ya ƙara nausawa arewa. Daga nan shiru.

Magana uku na zo da ita, kuma ta ƙarshen ita ce ta hana ni barci.

Ta farko, tsoron ɗan sanda. Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya. Idan ɗanmu ya ɓace muna zuwa wurin malam, muna yin sadaka, muna sauke Alƙur'ani, muna tare direbobi a tasha muna tambaya, kuma duk wannan alheri ne, ba zan hana kowa ba. Amma tambayar tasha iyakarta inda motar ta tsaya, ɗiyanmu kuwa sun wuce inda motocinmu ke tsayawa. Akwai hanyar da ke tsallake iyakar ƙasa ba tare da mun ɗaga ƙafa ba. 'Yan sandan ƙasashen duniya suna da wata hukuma da ta haɗa su, ana kiranta Intafol. Ka kai rahoto ga 'yan sandan garinku, su miƙa shi sama, ofishin da ke hulɗa da hukumar a Abuja ya nemi a fitar da sanarwa, sai sunan ɗanka da kamanninsa su isa hannun 'yan sandan ƙasashen da kai ba ka ko san sunansu ba.

Da na kai wannan bayani garin Gwashi, wani dattijo ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, “Malama, ɗana bai yi sata ba, bai kashe kowa ba. Mi zai kai sunanai ga ɗan sanda? So kike a ce ɗan gidana na cikin waɗanda aka nema ruwa a jallo?” Na ce masa, “Baba, sanarwar nan kala-kala ce. Mai launin ja ita ce ta mai laifi da ya gudu. Mai launin rawaya ta wanda ya ɓace ce, danginsa na kuka, ko ta wanda aka tsinta bai iya faɗin ko shi wane ne ba.” Ya ce zai yi shawara da 'yan'uwansa. Ina ganinsa can yau a layi na biyu, na kuma gode masa da ya zo. Ku riƙe wannan: rawaya ba tambarin laifi ba ce, cigiya ce, irin wadda muke bayarwa a masallaci da gidan rediyo, sai dai ita muryarta ta fi nisa. Ban ce duk wanda aka yi cigiyarsa za a gan shi ba, ba zan yi muku wannan alkawari ba. Na dai ce wanda ba a yi cigiyarsa ba, babu mai nemansa.

Ta biyu, da ku nake, samarin bakin taga, kada ku sunkuyar da kai. Kuna tafiya ba ku faɗa wa kowa hanyar da za ku bi ba, wai kada baki ya kama ku. Kuna isa ramin zinare ku yar da sunan da aka yanka muku rago dominsa, wannan ya zama Ɗan Anka, wancan Na-Gummi, wancan Dogo. To, Dogo nawa ne a hamada? Sannan hoto. Da na nemi hoton Mas'ud don a sa a cigiya, guda ɗaya aka samu a gidan kaf, yana kan babur ɗin aro, ya sa baƙin tabarau ya ja hula har gira, babur ɗin ya fi shi fitowa. Ni da nake goggonsa ban gane shi ba, balle ɗan sandan wata ƙasa. Don Allah duk mai niyyar tafiya ya tsaya a ɗauke shi fuska a buɗe, ya bar cikakken sunansa da na mahaifinsa, ya faɗa wa mutum ɗaya a gida inda ya dosa da wanda ya bi. Ba mu hana ku nema ba. Mu dai ku bar mana abin da za mu neme ku da shi.

Yanzu ta uku. Ina roƙon iyayena mata su ba ni kunnuwansu, kuma su yafe mini idan na taɓa inda ke ciwo.

Bayan mun kai rahoton Mas'ud, muna jiran amsa, sai amsar ta zo ta inda ba mu zata ba. Jami'in da ke zaune nan ya aiko a kira ni. Ya ce 'yan sandan wata ƙasa can bayan hamada sun fitar da tasu sanarwar rawaya a kan wani mutum da aka zaro daga ramin da ya rufta. Yana kwance a asibiti, jikinsa ya warke, amma bai san sunansa ba, bai san garinsu ba. Idan ya yi magana Hausa yake yi, kuma wani ma'aikacin asibitin da ya taɓa zama ƙasar Hausa ya ce harshensa irin namu ne na nan yamma. Aka nuna mini hoton. Mutum ne ramamme, gemu ya cika masa fuska, gefen goshinsa ya lotsa. Na duba, na sake dubawa. Zuciyata ta ce shi ne, idona ya ce bai tabbata ba. Ba zan iya dafa Alƙur'ani a kai ba, su kuma can ba za su miƙa mutum ga wasu don goggo ta ce zuciyarta ta ba ta ba, kuma gaskiyarsu ne. Suka ce a kawo wata alama ta jikinsa da ba ta fito a hoto ba, wadda sai na gida ya san ta. Suka kuma ce asibiti ba zai riƙe shi har abada ba. Idan ba a sami danginsa ba, za a mayar da shi gidan da ake ajiye waɗanda ba su da kowa, a wani gari dabam, inda bin sawunsa zai ƙara wuya.

Mahaifinsa ya rasu. Kakarsa da ta yaye shi ta rasu. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san jikin Mas'ud tun yana tsumma, ita ce mahaifiyarsa, Saude, matar yayana. Mas'ud kuwa ɗan fari ne.

Babu wanda zan yi wa bayanin abin da wannan ke nufi a ɗakin nan. Tun da aka haife shi Saude ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta yabonsa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, idan ya shigo gida ta kan sami abin yi a madafa. Tun da ya ɓace ba wanda ya ga hawayenta, amma ni na ga yadda zanenta ke ƙara zagaye ta. Na kai mata hoton har ɗaki. Ta kawar da kai ta ce, “Ni mi nis sani ga ɗan mutane? Ki kai ma waɗanda sunka san shi.” Na koma, na sake komawa. Na yi lallashi, na yi wasan da ke tsakanin mace da matar yayanta, har na yi faɗa. Na ce, “Yaya Saude, babu kowa nan sai ni da ke.” Ta ce, “Da Allah.” Na fito ina kuka don haushi, don na san tana sonsa fiye da yadda ni nake sonsa, na kuma san abin da ya ɗaure mata harshe shi ne abin da aka yabe ta da shi duk rayuwarta.

Iyayena, ni ma cikin wannan kunya aka raine ni, ni ma ina da ɗan fari, kuma ban zo in ce ku zubar da ita ba. Kunyar ɗan fari ado ce a ranar suna, ado ce a ranar aure, ado ce a duk ranar da yaron yake tsakar gida yana jin ƙamshin tuwonki. Amma ba a yi ta don ranar da yake kwance a hannun baƙi bai san sunansa ba. A wannan rana, idan uwa ta yi shiru, babu sauran mai magana.

Yau da safe mun shiga mota a Duza za mu taho. Direba ya tayar, sai ga Saude ta fito ƙofar gida da lulluɓinta, abin da ba ta saba ba. Ta zo gefen da nake, ba ta dube ni ba, ta dubi ƙasa. Ta ce, “A duba tahin ƙahwar dama. Garwashi yat taka yana koyon tahiya, ni niɗ ɗauke shi.” Na ce to. Na ɗauka ta gama, sai ta riƙe ƙofar motar ta ce, “In sun ishe tabon, su kira shi da sunanai ko ya ji. Mas'udu. Su ce mai Inna na kira.”

Duk wanda ke cikin motar nan ya sunkuyar da kai. Yaron da ta haifa ya haura shekara talatin, yau ne farkon ranar da sunansa ya fito daga bakinta.

Ranka ya daɗe jami'i, na ba ka wannan saƙo kafin mu zauna, ka kuma ce ya riga ya tafi. Ban san amsar da za ta dawo ba. Idan akwai tabo, to za mu tafi mu ɗauko shi, ko hanyar ta kai ina. Idan babu, to mutumin nan ba namu ba ne, amma na wata ce, kuma da alama tana ƙasar nan, wataƙila tana ɗakin nan. Saboda haka hoton yana nan kan tebur gaban shugaban taro. Ina roƙon maza su fara fita su ba mata wuri. Kowace uwa da ke da wanda ya tafi bai dawo ba ta zo ta duba da idonta, ɗan fari ne ko ɗan auta. Wadda ba ta iya faɗi da ƙarfi ba ta raɗa mini a kunne, ni zan ɗauka in kai. Ba zan bar ɗakin nan ba sai ta ƙarshe ta duba.

Allah ya bayyana mana waɗanda suka ɓace. Wanda ke raye Allah ya kare shi ya nuna masa hanyar gida, wanda ya riga mu Allah ya jiƙansa ya kuma sanar da mu, mu daina zaman jira. Allah ya ba wancan bawan nasa da ke kwance lafiya, ya mayar masa da sunansa. Allah ya saka wa baƙin da suka yi jinyarsa ba su san shi ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.