Ruwan da Jauro Ya Ƙi Sha

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Malam Hammadu daga Yolde Pate.

Kwanakin baya tanka tana sauke man dizal a gidan man da ke maƙwabtaka da ni, sai tiyo ya fashe, mai ya malala har gindin katangata. Ma'aikata suka zuba yashi suka rufe. Yanzu rijiyar da iyalina da maƙwabta ke sha tana warin mai, ni kuma barci ya gagare ni.

Na karanta a ƙasidar wayar da kai cewa doka ta wajabta wa mai wurin ya sanar da hukumar kula da muhalli ba tare da jinkiri ba. Da na tunatar da shi, sai ya turo mini Jauro, mai unguwarmu.

Jauro ya ce, "Malam, kai da muka karɓa lokacin gudun hijira? A rufa wa juna asiri mana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a magana da baƙo sai ya sha ruwa." Na ɗebo masa daga rijiyar. Ya shinshina, ya ajiye kofin, ya ce yana azumin nafila.

'Yan ta'adda sun raba ni da gida sau ɗaya, dizal ba zai sake raba ni da wani ba. Zan kai rahoto da ƙafata. Ina roƙon masana su faɗa mini ofishin da zan fara zuwa a Jimeta.

Ina gaida Jauro. Kofinsa yana nan, idan ya tashi buɗa baki.