Ragar Soja da Gadon Suruki

A tashar motar Dong Ha na saurari wasu tsofaffi biyu, ba wanda ya san wani.

"Yaya, wannan ragar kwanciya da ke leƙowa daga jakarka ai ta soja ce. Wane daji ka yi?"

"Kan iyakar Laos, shekara shida. Kai fa?"

"Huɗu. Ashe gaba kake da ni. Ina za ka da ita?"

"Hue, gidan 'yata. Mijinta ya saya mini gado da katifa mai kauri. Ni kuwa tun da na dawo, bayana bai ƙara yarda da gado ba, har matata ta gaji ta ƙyale ni. In na ɗaura raga na kunyata yaron, in na bar ta ba barci."

"Haba, soja guda! Nawa surukin ma haka ya yi mini."

"Ka hau gadon?"

"Ina! Ƙusa biyu na buga a bango, na ɗaura ragar a saman gadon. Na ce masa igiyar ta tsufa, ran da ta tsinke katifarsa ce za ta cece ni. Har maƙwabta yake kira su gani."

"Ƙanena, riƙe mini jakar nan. Ina ake sayar da ƙusa?"