Ragon Busasshiyar Rijiya

Uwale: Allo? Allo, Abarci?

Abarci: Wa ke magana? Ɗaga murya, iska ta cika wurin nan!

Uwale: Yayarka ce, Uwale, daga Maradi. Ka share lambata ne?

Abarci: A'a, Yaya! Ina wuni? Ina gajiya?

Uwale: Ba gajiya. Ya Dakoro? Ya zahi?

Abarci: Lokacinshi ne. Ya maigidan, ya ƙafar tashi?

Uwale: Da sauƙi, an gode Ubangiji. Ya matarka Dela? Ya yara?

Abarci: Duk lahiya lau. Ya 'yan zumuntar mata?

Uwale: Suna gaishe ka. Ya ikilisiya?

Abarci: Tana nan.

Uwale: Tana nan kawai?

Abarci: Yaya, ke ba ki ƙona kiredin waya don gaisuwa. Faɗi abin da aka aiko ki.

Uwale: Ba wanda ya aiko... To, dattijon ikilisiyarku Mainassara ya kira ni. Ya ce ka yanka baƙin rago a bakin rijiyarka.

Abarci: Baƙi! Uda ne, gaba baƙi, baya fari. Mainassara gaban ya hango daga kan babur, bai tsaya ya ga bayan ba.

Uwale: Amma ka yanka?

Abarci: An yanka, an gasa, an ci, har karnuka sun samu.

Uwale: Wayyo ni! Abarci, ka manta gidan da muka hito? Kakan Baba, tun kahin zuwan Nasara, ba ya sa dundurusun haƙar rijiya a ƙasa sai ya zuba wa iskokin rijiya jini. Kowa a Dakoro ya san haka. Baba ya sha duka kahin ya rabu da wanga abu. Yanzu kai...

Abarci: Ni mi? Ƙarasa!

Uwale: Sun ce ruwa ya ƙi zuwa, shi ya sa ka koma hanyar kakanni. Har malami ka kira ya riƙe wuƙa.

Abarci: Wane malami? Elhaji Attaher ne, maƙwabcin gonata! Buzun da raƙuminshi ya yi ta jan ƙasa daga ramin nan, damina ta wuce, rani ya wuce, bai taɓa cewa ya gaji ba. In ni na yanka, zai ci? 'Ya'yanshi za su ci? Ke a gidanki ranar Kirsimati wa ke yanka miki akuya?

Uwale: Malamin da ke maƙwabtaka da mu. Amma wannan daban...

Abarci: Ina bambancin?

Uwale: Bakin rijiya, Abarci! Don mi bakin rijiya?

Abarci: Don aduwa ɗaya ce a gonar, can take. In zaunar da mutane cikin rana don Mainassara ya ji daɗi?

Uwale: Allo? Ka ce mi? Adda?

Abarci: Aduwa! Inuwa! Tsaya in hau tudun ƙasa. Kina ji yanzu?

Uwale: Ina ji. To, ga abin da dattawa suka yanke. Ran Lahadi ka tashi gaban jama'a ka ce ka tuba. In ka ƙi, bencin baya, kuma ba ka ba Jibin Ubangiji.

Abarci: Ni? Ni da na koya wa kaina karatu da gawayi a jikin siminti don in ji Maganar Allah da idona? Rijiyoyin da na haƙa wa mutane daga nan har Korahane, ko gashin kaza ban taɓa zubarwa ba. An sha korata daga aiki saboda haka. Yau a tawa rijiyar aka mai da ni matsafi?

Uwale: Kwantar da hankali. Kalma ɗaya ce, ka faɗa a wuce.

Abarci: Kalmar ƙarya ce.

Uwale: To, in ba tsafi ba, yankan na mi ne? An ce ko laimar ruwa ba ka gani ba.

Abarci: Ko laima. Dutse na tarar, Yaya. Na sare shi har tafin hannuna ya daina jin zahin wuta. Masu injin haƙa sun zo sun duba, suka ce ruwan na can ƙasa, inda hannun mutum ba ya kaiwa. Shi ke nan.

Uwale: Sannu, ƙanena.

Abarci: Kin san abin da na roƙa. Ban roƙi mota ba, ban roƙi bene ba. Na shayar da garuruwan mutane, na ce a ba ni rijiya ɗaya a gonata. Dela ta huta da bin jaki neman ruwa, in dasa zogale, a yi wa jikokina baftisma da ruwan da kakansu ya haƙa. Na yi azumi, na yi addu'a a ƙasan ramin har muryata ta dushe. Allah ya ce a'a.

Uwale: Ba ka yi hushi ba?

Abarci: Wa ya ce? Na yi! Can ƙasa na faɗa mishi, inda ba mai ji sai shi. Na ce, Ubangiji, ka ba Hamani mai giya ruwa a gonarshi, ni ka ba ni dutse? Ban rage komai ba.

Uwale: Kai, bakin nan naka! Har da Allah?

Abarci: Ubana ne. Da wa zan yi? Sai na hito, na tarar da ragon a ɗaure yana kallona. Tun yana ɗan ƙarami na ce na godiya ne, ranar da ruwa ya hito. Dela ta ce a kai shi kasuwa. Na kwance igiya, har na kai bakin hanya, sai kunya ta kama ni.

Uwale: Kunyar wa?

Abarci: In na sayar, mi na ce wa Allah ke nan? Ba ruwa, ba rago. Dillancin shanu muke yi da shi? Tun ina saurayi nake shiga cikin ƙasa. Abokan aikina nawa rami ya rufta wa, ni kullum igiya na hiddo ni. Wannan ba abin rago ba ne? Na ce a yanka. Ya hana, kuma na gode, kuma kowa ya zo ya gani.

Uwale: Ka gaya wa fasto haka?

Abarci: Ya tambaye ni? Na aika mishi cinya, aka maido.

Uwale: Ash!

Abarci: Attaher, Musulmi, ya ci ya share hannu, ya ce, Abarci, Allah ya ga wannan. 'Yan'uwana kuma suka ga iskoki.

Uwale: To, Lahadi fa? Za ka tashi?

Abarci: Zan tashi mana! Da rigata ta biki. Zan ce: na roƙa, ya hana, har yanzu Ubana ne. Wanda ya ga zunubi a nan ya nuna mini da yatsa. In sun ce bencin baya, a can ma ana jin wa'azi.

Uwale: Za ka yi ihu, na san ka.

Abarci: Kaɗan.

Uwale: To, ka saurara. Motar Asabar zan shiga. Ka ce wa Dela ta share mini ɗaki. In sun kai ka bencin baya, a matsa mini wuri.

Abarci: Yaya, ke shugabar zumuntar mata ce, za su ce...

Uwale: Su ce! Ni na goya ka, na san abin da ke cikinka. Shi kuma Mainassara, bari in sauka tasha, sai ya gaya mini wane gefen ragon ya...

Abarci: Allo? Yaya? Allo! To. Sai Asabar.