Na Yi Bankwana, Ashe Zuciyata Hutawa Take

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu. Sani ne daga Ƙanƙara.

Bana likita ya ce ina da hawan jini, ya ba ni ƙwayoyi. Da na fara sha, bugun da na saba ji a ƙirji ya lafa. Ni mai yawan kokwanto ne, sai na ɗauka zuciyar ce ke shirin tsayawa. Har Faskari da Sabuwa na je neman gafarar dangi.

Da na koma wurin likita, ya taɓa hannuna ya yi dariya, ya ce, "Malam Sani, da can wahala take sha. Maganin ya rage mata gudu, hutawa take. Ci gaba da sha."

Alhamdulillahi. Ina gaida Yaya Hassu a Sabuwa. Yafiyar da kika yi mini dai, kada ki janye don ban tafi ba.