Tirelar Zuma da Hanyar Gonaki

A bencin ofishin gwajin motoci, wani dattijo mai kiwon zuma ya zauna kusa da wani saurayi mai dogara sanda.

"Baba, tun ɗazu kake tsaki. Lafiya?"

"Ina fa lafiya! Ƙatuwar tirela na ƙera da hannuna. Wai ba za ta hau titi ba sai an gwada birkinta. Wurin gwajin kuma sai an bi titi."

"Ai suna ba da lambar wucin gadi."

"Sun ba ni. Amma wai in kawo ta babu kaya."

"To ka sauke mana."

"In sauke me, ɗan nan? Akwatunan a jikinta na kafe su, ƙudan suna ciki. Ga dajin Babadag ya yi fure, kowa ya kai ƙudansa can, ni ina nan ina ɗumama benci."

"Ba ka yi tunanin hanyar gonaki ba? Can babu ɗan sanda."

"Na yi. Amma akwai gangaren nan, kuma ni kaina ban gama yarda da birkin ba. Kai fa, me ya kawo ka?"

Saurayin ya gyara ƙafarsa da ke naɗe da bandeji.

"Ta hanyar gonakin na bi, Baba."