Takalmin Ɗana da Bam ɗin Japan

Salamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Rabi ce daga Bronx a Amurka.

An ba jikata Amira muhawara a makaranta, wai ta kare bam ɗin nukiliyar da aka jefa wa Japan. Ta ce, "Kaka, malaminmu ya ce bam ɗin ne ya tsayar da yaƙin duniya na biyu."

Ban yi boko sosai ba, amma ɗana, babanta, bam ne ya kashe shi a kasuwar garinmu can gida. Takalminsa kawai muka gane. Na ce mata, "Ba daidai ba ne. Waɗanda ya kashe, su ma suna da iyaye."

Ta yi kuka, wai in ta ƙi za ta faɗi.

Masu sauraro, in kai wa malamin nasu takalmin ya gani? Yana nan cikin akwatina.