Jakar da Ta Koma Gida da Ƙamshinta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Shugabar ƙungiyar matan unguwar Kaifan, Hajiya Mudi; iyayenmu da ke sahun gaba; 'yan kwamitin kasuwar baje koli; 'yan uwana mata; da 'ya'yanmu da ke tsaye a bakin ƙofa saboda kujeru sun ƙare: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga shugaba da ta ba ni damar magana kafin a kaɗa ƙuri'a. Ina godiya har ga waɗanda suka kawo ƙudurin a cire teburina daga kasuwar ƙungiya, domin da ba su kawo shi ba, da har yau ta bayan labule nake jin sunana. Ni ce Hissa, Ummu Nawaf, mai shagon nan na Salmiya, inda ake samun jakunkuna da agoguna da tabarau na manyan kamfanoni a rabin kuɗinsu, saboda wata ta riga ta riƙe su. Ba don teburi na miƙe ba. Na miƙe ne saboda auren Fawaz da Lulwa, wanda yau yake rataye.

Na farko, bari in faɗi abin da ya faru, domin an zuba wa labarin gishiri har ya ƙi ciyuwa. Ummu Fawaz ta zo shagona tana haɗa dazza, kayan da dangin ango za su kai gidan amarya. Ta zaɓi wata jaka ruwan ƙasa, ta gaske, ko ƙwarzane babu. Ban tambaye ta gidan da za ta kai ba, domin ba na tambaya. Ranar kai kaya aka baje su a falon Ummu Mishari, mahaifiyar Lulwa, ana zuba gahawa, ana guɗa. Sai Hajiya Nuriya, gwaggon amarya, ta buɗe jakar, ta kai hanci, ta sake kaiwa, ta ɗago ta ce, "Kai jama'a! Wannan ai turaren tsohuwarmu ne. Ke Ummu Mishari, ina jakarki da ƙanena ya sayo miki? Ɗauko mana mu gwada su mana!"

Ba a ɗauko ba, domin ita ce a hannun Hajiya Nuriya.

Kowace a cikinmu tana da haɗin turaren wutan gidansu, wanda ta gada daga uwa ko suruka, wanda ba ta ba maƙwabciya sirrinsa. Da shi muke turara abaya, da shi muke turara ɗakin kaya duk Juma'a. Na cusa wa jakar nan garin gahawa da gawayi, na shanya ta, kamar yadda nake yi wa kowace, amma fata ta shekara goma tana shan hayaƙin gida ɗaya, ba ta saki ba. A numfashi ɗaya aka tona asirin mata biyu: an gane Ummu Fawaz ta kawo na hannu, an gane Ummu Mishari ta sayar. An mayar da kaya. Maza sun daina zuwa diwaniyyar juna, wato zauren hirarsu. Ɗaurin auren da aka sa bayan Sallah, babu mai ambatonsa.

Na biyu, ina tambayar wannan taro mai daraja: mene ne laifin? Uwa ta ga aikin kwangilar mijinta ya tsaya, ta fitar da abin da ta fi so don a kama wa 'yarta ɗakin biki, ba ta roƙi kowa ba. Wata uwa ta so ta fita kunyar surukai ba tare da ta jefa ɗanta cikin wahala ba. Wannan ne abin da ake yi wa dariya a wayoyinku? Wallahi raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye ba.

Ina tsaye a nan, ina kallon ɗakin nan, ina ganin jakunkunan da na sani ciki da waje. Na ga wasu suna ja da tasu ƙarƙashin abaya. Ku kwantar da hankalinku, ba zan kira suna ba, ko an cire teburin, ko an rufe shagon. Amma na san mai aiko direba ta ƙofar baya. Na san mai shigowa da baƙin tabarau ta ce, "Ummu Nawaf, ta wata ƙawata ce fa, ni taimaka mata nake yi." In ce, "To madalla, ƙawar taki ta ce nawa?" Ta ce, "Ai ba zan sayar ƙasa da yadda na saya... yadda ta saya ba!" Ku yi dariya, ba laifi, amma ku tuna, dukanmu hancin Hajiya Nuriya ne bai iso gare mu ba tukuna.

Na uku, kuma shi ne ya kawo ni. Bayan an mayar da kaya, Ummu Fawaz ta dire mini jakar a kan kantar shagona, idonta jajir, ta ce, "Riƙe tsiyarki, kin gama da ni." Ban ga laifinta ba. Shekaranjiya kuma sai ga Lulwa ita kaɗai. Ta ce, "Inna Hissa, tana nan?" Na fito da ita. Ta rungume ta, ta tura fuskarta a ciki, ta ce, "A nan Mama take ɓoye mini alawa ranar idi. Inna, ni zan bar gidanmu, kuma aka kawo mini ƙamshin gidanmu in tafi da shi. Duk dazzar nan babu abin da nake so kamarta. Me ya sa ba wanda ya tambaye ni?"

Ba a tambaye ta ba. Ba a tambayi Fawaz ba. Mu manya muka ji kunya, su yara suke biya.

Ga jakar nan, na ajiye ta a gaban shugaba. Ku cire teburina, na yafe, ni ma zan ɗaga hannu tare da ku. Abu ɗaya nake roƙo kafin ƙuri'a. Ummu Fawaz, halaliyarki ce, ke kika saya. Ummu Mishari, ɗago kanki, 'yar uwa, ba sata kika yi ba. Lulwa tana can bakin ƙofa cikin masu tsayuwa. Ummu Fawaz, ki ɗauka ki kai mata da hannunki, a gaban idon duk wadda ta yi dariya. Ba zan zauna ba sai na ga abin da za ki yi.

Hajiya Nuriya, don Allah janye kujerarki kaɗan. Ba Ummu Fawaz hanya ta wuce.

Ya Allah, Ka rufa mana asiri kamar yadda muke son a rufa wa 'ya'yanmu. Ka tsare harsunanmu daga abin da hancinmu ya jiyo. Ka sa albarka a auren yaran nan, Ka buɗa wa mai ƙunci, Ka mayar da kowa gidanta lafiya.

Na gode.